Na Gyara Rayuwata Cikin Shekara Ɗaya, Yanzu Ban San Yadda Zan Yi Da Yayana Ba

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan gida. Admin don girman Allah a ɓoye sunana, akwai 'yan wurin aikinmu a guruf ɗin nan, ni ma ba zan ambaci sunan kowa ba. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke min hukunci, domin kaina ya kulle, kwana biyun nan ko abinci sai na tura shi da ruwa yake wucewa.

Ni mace ce, shekaruna talatin da 'yan kai, ban taɓa aure ba. Asalinmu 'yan Bida ne amma a Minna aka haife ni, muna zaune a Dutsen Kura a gidan da Babanmu ya gina kafin Allah ya yi masa rasuwa. Mu uku ne a wurin mahaifiyarmu da muke kira Nna, akwai yayana namiji, sai ni, sai ƙanina da yake aiki a Abuja da iyalinsa. Nna tana da rumfar shinkafa a Kasuwar Kure, tana fama da hawan jini da ciwon gwiwa amma ba ta yarda da zaman gida ba. Ni kuma ina aiki a lab ɗin wani asibiti mai zaman kansa ta wajen Chanchaga, wato ɗakin da ake ɗibar jini a auna.

Yayana yana da lalurar ƙwaƙwalwa. Ta same shi yana shekararsa ta ƙarshe a makaranta, yau fiye da shekara goma kenan. In yana shan maganinsa wallahi ba za ka ce yana da komai ba, mutum ne mai natsuwa, yana zuwa masallaci, yana gyara wa maƙwabta fanka da rediyo da dutsen guga, yara suna son shi. In ciwon ya tashi kuwa, sai ya riƙa jin muryoyi suna masa magana, ya ce an sa masa guba a abinci, ya daina barci, ya kama hanya. To tun farkon abin, a hannuna kaɗai yake karɓar magani. Ban san dalili ba, wataƙila don shi ya raine ni, shi ya koya min karatu, shi yake riƙe hannuna zuwa Islamiyya muna yara. In Nna ta miƙa masa sai ya kalle ta ya ce ta ajiye sai Dakta ta dawo, haka yake kirana duk da ni ba likita ba ce. Safe da yamma ni ce. Saboda haka na manta rabon da in kwana a wajen Minna, ko bikin dangi aka yi a Bida sammako nake yi in juyo kafin magariba. Maza biyu sun zo neman aurena da gaske, duk da na ce musu sharaɗina shi ne in zauna kusa da gida, sai suka janye a hankali, ban kuma ga laifinsu ba.

Amma ba zan ɗora wa Yaya komai ba, ni ma da kaina na saki rayuwata. A bara war haka in kun gan ni sai kun tausaya min. In na yi sallar asuba na ba shi magani sai in koma barci, in farka a gigice, kullum ni ce ta ƙarshen shiga wurin aiki. Waya ba ta barin hannuna, daga wannan bidiyo zuwa wancan, har idona ya riƙa yaji. Lemon kwalba kamar ruwa. Na yi ƙiba, hawa bene kaɗan sai haki. Yaran da suka zo bayana, waɗanda ni na nuna musu yadda ake riƙe sirinji, sun je sun ƙaro karatu sun wuce ni, ni ko a jikina. A raina na riga na gama yanke cewa ni dai haka rayuwata za ta ƙare, daga gida sai lab, daga lab sai gida, to wahalar me zan ba kaina.

Wadda Allah ya yi sanadin farkawata ita ce shugabar lab ɗinmu, muna ce mata Madam. Dattijuwa ce Kirista 'yar Gbagyi, ta kusa ritaya, Hausarta irin ta Minna ce, mace da namiji kowa "ka" take ce masa. Wata rana na makara kamar kullum, na shigo ina laɓe-laɓe, ta kira ni ofishinta ta rufe ƙofa. Na ɗauka takardar gargaɗi za ta ba ni. Sai ta ce, "Zauna. Ni ba zan ba ka takarda ba, takarda ba ya gyara mutum. Kana da hannu mai kyau, ko jariri ne jijiya ba ya ɓuya maka. Amma ka mutu kana tafiya. Ciwon na yayanka ne, kai kuma me ya kama ka?" Wallahi maganar nan ta dake ni fiye da mari. Na shiga banɗaki na yi kuka mai isata, na ji haushinta kwana da kwanaki, amma na kasa ƙaryata ta.

Daga nan na fara, kaɗan kaɗan. Na daina komawa barci bayan asuba, sai in zauna in karanta ko shafi ɗaya ne na Alƙur'ani. Na goge duk abubuwan kallon bidiyo daga wayata. Maimakon in hau keke napep daga ƙofar gida sai in taka da ƙafa har babban titi. Na bar lemo. Ba zan ce muku abin ya zo da sauƙi ba, bayan ƙaramar sallah na koma ruwa tsundum na kusan wata guda, sai da Madam ta sake harara ta sannan na miƙe. Na yi rajistar wani kwas na ƙarshen mako, ni da na manta yadda ake zama a aji, na riƙa karatu a cikin keke da lokacin hutun cin abinci. Na koyi cewa a'a, domin da ni ce 'yar aiken dangi, duk mai biki ko suna ni ce a bakin murhu, da na fara ba da uzuri sai aka fara cewa na yi girman kai. Ban damu ba. Jikina ya yi sauƙi, fuskata ta washe, na ci jarabawar kwas ɗin da sakamako mai kyau, aka ƙara min girma aka mai da ni mataimakiyar Madam. A wurin aiki yanzu ni ake nuna wa sababbin ma'aikata a ce su yi koyi da ni. Karon farko tun rasuwar Baba na kalli madubi na ji ina son wadda nake gani.

Sai dai abin bai zo kyauta ba. Lokacin jarabawar, cikin damina, saboda sauri sai na riƙa sa masa maganin a tafin hannu in wuce, ban tsaya na ga ya haɗiye ba kamar yadda na saba. Ranar wata Asabar ina ɗakin jarabawa wayata a kashe, Yaya ya fice daga gida. A Kasuwar Kure aka gan shi wajen 'yan kaji, babu takalmi, yana ta jawabi da ƙarfi, mutane sun kewaye shi wasu suna ɗaukarsa a waya suna dariya. Maƙwabtan rumfar Nna ne suka gane shi suka kira ta, ta zo da gwiwarta mai ciwo tana ja, a gaban abokan kasuwancinta na shekara da shekaru ta cire mayafinta ta rufa masa. Ni ban sani ba sai da na kunna waya da la'asar. Da na dawo gida Nna ba ta yi min faɗa da ƙarfi ba, cewa kawai ta yi boko ya fi min ɗan uwana, ta shige ɗaki. Na koma tsayawa a kansa kamar da, ya samu sauƙi, ya koma gyaran rediyonsa, na ɗauka an wuce wurin.

To ga inda matsalar take. Asibitinmu zai tura mutum ɗaya Ibadan ya yi tirenin na wata tara a kan wasu sababbin na'urori, in ya dawo shi zai hau kujerar Madam in ta yi ritaya. Madam ta ba da sunana, na kuma ji daga baya cewa sai da ta yi ta ja da manya a kai domin akwai wanda suka fi so. An ce in ba da amsa kafin ƙarshen watan nan, in ba zan je ba a ba wani yaro da ni na koya masa aiki. Madam ta faɗa min ƙarara cewa in ta bar wurin babu wanda zai sake tsaya min, in na saki wannan to in shirya zama a ƙarƙashin yarana har tsufa.

Da na faɗa wa Nna sai da ta gama tsince shinkafar da ke gabanta, sannan ta ce in tafi mana ai ba ta ɗaure ni ba, amma in wani abu ya sami ɗanta a bayana to ba ita ba ni, ba za ta yafe min ba duniya da lahira. Ni kuma ban san lokacin da bakina ya suɓuce ba, na ce mata ni ma fa 'yarta ce, ita ta haife ni kamar yadda ta haife shi, ƙuruciyata ta ƙare a kan ba da magani, sa'o'ina suna kai 'ya'yansu sakandare ni ko ɗakin kaina ba ni da shi, kuma ba ta taɓa tambayata ko na gaji ba. Ta fashe da kuka, jininta ya hau, sai da muka kai ta kemis aka auna ta. Na durƙusa na ba ta haƙuri, ta ce ta haƙura, amma mun yi kwanaki gaisuwa kaɗai ke haɗa mu.

Na nemi mafita ta ko'ina. Na kira ƙanina, ya ce in yi haƙuri ni ce mace ni na fi iya shi, shi ba zai iya kai Yaya Abuja ba domin matarsa tana tsoro saboda yara, ya ƙare da cewa aiki ai ba ya ƙarewa, wata damar za ta zo. Shi da yake zuwa gida sallah sallah. Kawunmu na Bida ya ce a kawo shi gidan wani mai magani a ajiye shi har in dawo, na san irin gidajen nan, na taɓa ganin mutum da mari a ƙafa, na ce sai dai bayan raina. Likitansa ya ce akwai allurar da ake yi wata wata maimakon ƙwaya, amma an taɓa yi masa irinta tun farkon ciwon, wuyansa ya karkace harshensa ya fito, tun daga nan ko sirinji ya gani a jakata sai ya tashi ya bar wurin, likitan ya ce akwai wata daban ta zamani amma sai Yaya ya yarda da kansa. Na yi tunanin tafiya da shi, to ɗakin kwana na haɗaka za a ba mu mu mata, kuma baƙon wuri da baƙon yare su ne suka fi tayar masa da ciwon. Sai na fara shirya yadda zan kalli idon Madam in ce mata ba zan je ba.

Ashe duk abin nan Yaya yana ji. Wata safiya na kawo masa magani sai ya ƙi miƙo hannu, ya ce, "Dakta, ki tafi makarantarki. Ni ba yaro ba ne. Kira min Nna, daga yau ita za ta riƙa ba ni." Na ɗauka wasa yake. Nna ta zo ta miƙa masa, ya karɓa ya jefa a baki ya kora da ruwa, har ya buɗe baki ya nuna mana. Nna ta zauna a ƙasa tana ta hamdala tana hawaye. Haka aka ci gaba safe da yamma, wajen mako biyu. Gidanmu ya canza, Nna ta sake, ta koma yi min hira, ta kira ni ɗakinta ta dafa kaina ta ce ta janye maganarta, Allah ya yi min albarka, in je in dawo lafiya. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Na faɗa wa Madam cewa in sha Allahu zan je, ta rungume ni a gaban kowa tana cewa ta san ba zan ba ta kunya ba.

Ranar Lahadin da ta wuce ina share masa ɗaki ya tafi sallar azahar, na ɗaga wata tsohuwar rediyo da yake gyarawa sai na ji wani abu yana kaɗawa a ciki. Na buɗe wurin sa batir. Ƙwayoyin maganinsa ne cike, sun jiƙe sun manne da juna, wasu sun narke rabi. A ƙarƙashin harshe yake ɓoyewa, in mun fita ya tofar. Na zauna a bakin katifarsa da rediyon a cinyata har ya dawo ya same ni a haka.

Bai musa ba. Ya tura ƙofa ya zauna a ƙasa kusa da ƙafata, ya ce, "Na yi ƙoƙari Dakta, wallahi na yi. In na karɓa a hannunta sai maƙogwarona ya rufe, muryoyin nan suna ce min kar in haɗiye. Na san uwata ce, na san ba za ta cuce ni ba, amma ba ya wucewa." Na ce to Yaya me ya sa ka yi mana haka, ka san abin da zai biyo baya. Ya ce, "Don ki tafi. Na ji abin da kika faɗa wa Nna, kuma gaskiya kika faɗa. Na cinye miki shekaru. Don Allah kar ki gaya mata, in kin gaya mata ba za ki tafi ba, ni kuma ba zan iya kallonki ba. Wani lokaci ina ganin da ba na nan da kowa ya huta." Wannan kalma ta ƙarshe ita ta hana ni sukuni, bai taɓa faɗin irinta ba duk tsawon ciwon nan. Na riƙe hannunsa na ce kar ya sake, ya ce to, amma sai na yi masa alkawarin ba zan gaya wa Nna ba. Ban ce na yi ba, ban kuma ce ban yi ba.

Tun daga ranar abin da muke yi kenan, Nna ta ba shi ya karɓa ya ɓoye, in ta juya baya in zagaya in ba shi wani a hannuna ya haɗiye. Ita tana ganin ɗanta ya warke daga tsoronta, har ta ba maƙwabta labari. Madam tana can tana haɗa min takardu. Ni kaɗai na san cewa ranar da na sa ƙafa a mota, daga ranar babu ƙwaya ɗaya da za ta shiga cikinsa, kuma na ga abin da hakan yake haifarwa. Nna ba za ta iya bin sa da gwiwar nan ba. In na faɗa mata gaskiya, tafiya ta rushe, wannan ma da sauƙi, abin da nake tsoro shi ne Yaya ya ga na tona shi, ya daina yarda da hannuna ni ma, to daga nan hannun wa ya rage? In kuma na fasa tafiyar na ƙirƙiro wani dalili, shi ba wawa ba ne, zai gane saboda shi ne, ga kuma maganar da ya faɗa tana min yawo a kai.

Kuma in faɗa muku abin da nake jin kunyar faɗa, ina son tafiyar nan. Ina son ta har cikin raina. Na sha wahala kafin na zama wadda nake yau, babu wanda ya san yadda nake faɗa da kaina kowace asuba. A satin nan kaɗai na koma barcin safe, na makara, na sake saukar da abubuwan kallon nan a waya, ina jin tsohuwar ni tana dawowa tana zama a jikina kamar dama jira take. Ina tsoron in na zauna wata rana in miƙa masa magani ina jin haushinsa a zuciyata, shi da bai zaɓi ciwon nan ba. Ina kuma tsoron in na tafi a kira ni a waya ina tsakiyar aji. Na yi istihara, har yanzu zuciyata ba ta tsaya wuri ɗaya ba.

'Yan uwa don Allah ku faɗa min me zan yi. In gaya wa Nna ko in rufe? In je wa likitansa da maganar a ɓoye, ko hakan ma cin amanarsa ne? In faɗa wa Madam gaskiya ko za a iya ɗaga min, alhali na san akwai masu jiran in yi tuntuɓe? Waɗanda suke da mai irin wannan lalura a gida, akwai wanda ya taɓa samun hanyar da mara lafiya ya koma karɓar magani a hannun wani? Yaya kuka yi, kuma ya ɗauki tsawon wane lokaci? Malaman da ke cikinmu, albarkar da uwa ta sa min bisa abin da ba haka yake ba, tana nan a matsayin albarka, ko in na tafi a kanta maganarta ta farko ce za ta bi ni? Masu zagi na roƙe ku ku bari, na zagi kaina ya isa.

Yanzu haka da nake rubuta muku, Nna ba ta je kasuwa ba, tana tsakar gida ta baje gyaɗa tana soya min ƙuli-ƙulin da zan tafi da shi, ta ce na can ba zai kai namu na Bida ba. Tana ta kirana in fito in ɗanɗana, ni kuma na kasa fita in haɗa ido da ita. Don Allah ku taimake ni.